Ƙofar kurkuku ba ta tantance mai fita

A unguwar da muka samu mafaka a Gadarif ta gabashin Sudan, tun bayan da yaƙi ya raba mu da Khartum, akwai wani nadin kallo, wato gidan kallo, rumfar kwano ce mai benci shida da talabijin guda da ke aiki da batirin sola. Ranar da babu ƙwallo mai nadin yakan saka wa samari musalsal, wato fim mai dogon zango, kuma abin da suke bi a 'yan watannin nan, halƙa, wato kashi, biyu ko uku kowane dare bayan sallar isha'i, shi ne tsohon wasan kwaikwayon nan na Amurka mai suna Prison Break, wanda tashar Fox ta fara nunawa a watan Agustan 2005. Ni na kalle shi tun ina saurayi, fassarar Larabci tana gudu a ƙasan allo, kuma ban taɓa tsammanin zan sake zama a gabansa da furfura a gemu ba, sai da ɗan ƙanwata ya matsa mini in raka shi. Abin da na gani a wannan karon ya bambanta da abin da na gani a wancan, domin a tsakanin kallon biyu na ga an buɗe kurkukun gaske a Khartum, garin da nake zaune a lokacin.

Ra'ayina shi ne zango biyu na farkon wannan wasa sun faɗi wata gaskiya da ba kasafai masu shirya irin waɗannan labarai ke yarda su faɗa ba, wato cewa babu mai tserewa daga kurkuku shi kaɗai, kuma kuɗin tserewar wasu ne dabam ke biyansa da aikinsu ko mutuncinsu ko ransu. Daga baya kuma marubutan suka lashe amansu, suka shiga ta da matattu suna yafe wa kowa bashin da ke kansa, har labarin ya koma yana koya wa mai kallo kishiyar abin da ya fara koya masa. Wannan magana tana iya zama ta nishaɗi kawai ga wanda ke zaune lafiya a ƙasarsa. Ga mu Hausawan Sudan, da ma dukkan mutanen Sudan, ta wuce nan.

Ga wanda bai san labarin ba, wani injiniyan gine-gine ne, Michael Scofield, ya yi fashi a banki da gangan domin a kai shi kurkukun Fox River, inda yayansa Lincoln Burrows ke jiran a kashe shi a kujerar lantarki bisa zargin kisan ɗan'uwan mataimakiyar shugaban ƙasa, mutumin da daga baya za a gano yana nan da ransa a ɓoye. Michael ya zana taswirar kurkukun a fatar jikinsa, ya lulluɓe ta cikin wasu zane-zane yadda gandirobobi ba za su gane ba. Niyyarsa ya fitar da mutum ɗaya wanda aka zalunta. Amma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fita kuwa sai da igiyar wasu, kuma kowane mai igiya da farashinsa. Yana buƙatar jirgin sama, sai ya haɗa kai da John Abruzzi, babban ɗan mafiya. Yana buƙatar abokin ɗakinsa Sucre ya rufa masa asiri, sai ya saka shi. Wasu sun gano ramin da ake haƙawa suka ce ko a tafi da su ko su tona. A daren fita mutum takwas ne suka haura katanga, kuma a cikinsu har da Theodore Bagwell, wanda ake kira T-Bag, mai fyaɗe kuma makashin yara.

A nan ne ƙarfin labarin yake, kuma a nan ne nake ganin samarin nadinmu ke wucewa da sauri. Shugaban gidan yarin, Henry Pope, dattijo ne mai son gyaran fursuna, ya amince da Michael har ya saka shi taimaka masa gina ɗan samfurin Taj Mahal da yake son bai wa matarsa kyautar cikarsu shekara 40 da aure. Wannan amanar ce Michael ya taka ya wuce, kuma dattijon ya rasa aikinsa. Likitar kurkukun, Sara Tancredi, ta bar ƙofar ɗakin shan magani a buɗe saboda ta yarda Lincoln ba shi da laifi, a daren kuma aka tsince ta ta yi wa kanta allurar da ta kusa kashe ta, daga baya aka kashe mahaifinta gwamna. Lauya Veronica Donovan, wadda ta shafe zango guda tana neman gaskiya ta hanyar shari'a, an harbe ta a halƙar farko ta zango na biyu, a daidai lokacin da ta ga mutumin da aka ce ya mutu da idonta. Shi kuwa T-Bag, wanda Abruzzi ya sare wa hannu da gatari a daren gudu, ya tilasta wa wani likitan dabbobi ya ɗinke masa hannun, ya gama ya kashe shi. Ya kashe wani tsohon soja don ya ɗauke hannun robarsa. Ya yaudari wata ma'aikaciyar gidan waya don ta nemo masa adireshin matar da yake nema, da ta gane fuskarsa a takardar cigiya ya kashe ta. Duk waɗannan mutane da suna nan da ransu in da ba a buɗe waccan ƙofa ba. Marubutan zango na biyu sun san haka, shi ya sa suka kai Michael coci ya zauna gaban limamin Kirista yana neman a sauke masa nauyin abin da ya jawo, kuma ba su sauke masa ba.

Mutumin da ya fi kama hankalina a wannan zango shi ne Alexander Mahone, jami'in hukumar FBI da aka ɗora wa farautar mutum takwas ɗin. Mai kaifin basira ne kamar Michael, yana karanta zanen jikinsa kamar yadda ake karanta allo, amma shi ma a guje yake, ko da yake da lambar hukuma a aljihunsa. Ya taɓa kashe wani mai laifi da ya daɗe yana nema, ya binne shi a bayan gidansa, yana haɗiyar ƙwayoyin da ya ɓoye cikin biro don ya samu natsuwa, kuma waɗanda suka san sirrinsa, wata ƙungiyar ɓoye da ake kira Kamfani, suna juya shi yadda suke so. Shi ya yi wa Abruzzi tarko aka harbe shi, shi ya harbe yaron nan Tweener wanda asalin laifinsa sata ce, shi ya lallaɓa Haywire mai taɓin hankali har ya faɗo daga saman rumbun hatsi. Labarin da zai iya nuna maka cewa mai gudu yana zubar da jini, mai binsa ma yana zubarwa, kuma ya hana ka samun wurin da za ka tsaya ka yi tafi da zuciya ɗaya, labari ne da ya girmama hankalin mai kallonsa.

Daga nan abin ya fara lalacewa. A zango na uku, wanda aka kai kurkukun Sona a Panama, an nuna wa Lincoln kan Sara a cikin akwati. A farkon zango na huɗu sai ga ta da ranta, aka ce kan na wata ce. Paul Kellerman, jami'in da ya kashe mutane da dama kafin ya tuba ya ba da shaida, an ga masu rufe fuska sun tare motar da ke ɗauke da shi an ji harbi, sai ga shi ya dawo a ƙarshen zango na huɗu shi ne mai ceton kowa, har ya zama ɗan majalisa. Mahaifiyar Michael da aka ce ta rasu tun yana yaro ta bayyana tana cikin manyan Kamfani. Shi kansa Michael an nuna kabarinsa a 2009, an nuna yadda ya ba da ransa don matarsa ta tsira, matar da ɗansa suka kai furanni, masu kallo suka yi kuka, sannan a 2017 aka ce ashe yana tsare a wani kurkuku a Sana'a ta Yaman da sunan Kaniel Outis. T-Bag ma aka yi masa sabon hannu na inji aka ba shi ɗa, don a tausaya masa. Halƙa 90 aka yi gaba ɗaya, kuma zan iya cewa kusan rabinsu an kashe su ne wajen warware abin da rabin farko ya ɗaure.

Akwai juyin labari mai kyau, wanda idan ya zo sai ka dafe kai ka ce ai alamunsa suna nan tun farko ni ne ban lura ba. Gano cewa tsohon fursuna Westmoreland shi ne D. B. Cooper irin wannan ne, domin an yi ta shuka shi a hankali, kuma an jingina shi da abin da ya faru da gaske a watan Nuwamban 1971, lokacin da wani mutum ya yi fashin jirgin sama a Amurka, ya karɓi dala 200,000, ya dira da laima ba a sake ganinsa ba, ko da yake wasan ya kumbura kuɗin zuwa dala miliyan biyar da aka binne a Yuta. Akwai kuma juyin da ba komai ba ne illa marubuci ya ci bashi ya ƙi biya. Idan ka kashe mutum a labari ka karɓi hawayen mai kallo, ka ci kuɗinsa ke nan. Idan ka dawo da mamacin bayan shekara guda saboda 'yan kallo sun yi ƙorafi ko saboda kasuwa ta buƙaci sabon zango, ka nuna masa cewa a duniyar da ka gina mutuwa ba ta da nauyi, sai dai mutuwar ƙananan mutane. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Sara ta dawo, Kellerman ya dawo, Michael ya dawo, amma likitan dabbobi bai dawo ba, ma'aikaciyar gidan waya ba ta dawo ba, gandiroba Bob da T-Bag ya kashe lokacin tarzomar kurkuku bai dawo ba. Wanda ke da suna a jerin taurari ne kawai ake tasa daga kabari.

Wata rana muna komawa gida ɗan ƙanwata ya ce mini, "Kawu, kai fa ka cika ɗaukar abu da zafi. Wasa ne. Kuma Lincoln ba shi da laifi, so kake ya zauna a kashe shi?" Tambayarsa tana da nauyi, kuma ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Ni jikan masu gudu ne. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin Mai Wurno da har yau ke ɗauke da sunansa. A takardun Nasara su 'yan tawaye ne da suka tsere, a bakinmu kuwa muhajirai ne. A watan Yulin 2022 dubban Hausawa sun bar gidajensu a jihar Shuɗin Nilu da abin da ke jikinsu kawai, kuma daga 15 ga Afrilun 2023 miliyoyin 'yan Sudan sun san abin da Bahaushe ke nufi da cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A wasu garuruwan da muka sauka an yi ta tsare mutane a shingen bincike bisa abin da jama'a ke kira dokar baƙin fuskoki, wato fuskar da ba a saba gani a wurin ba, kuma a Hausa kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu da dukkansu suka same mu. Saboda haka ba ni ne zan ce duk mai gudu mai laifi ne ba, ko duk mai bi mai gaskiya ne.

Addininmu ma bai ce haka ba. Annabi Musa ya fita daga Masar cikin tsoro yana waiwaye har Madyana, kuma babu mai zarginsa. Annabi Yusuf kuwa, da ɗan saƙon sarki ya zo fitar da shi bayan shekaru a kurkuku, ya ƙi fita sai an koma an binciki maganar matan da suka yanke hannuwansu, don ya fita da sunansa a wanke. Hanyoyin biyu duk suna nan, kuma malamai sun san hadisin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yaba haƙurin Yusuf yana cewa da shi ne ya daɗe haka da ya amsa kiran. Abin da babu a cikin ko ɗaya daga cikin ƙissoshin biyu shi ne wanda aka zalunta ya buɗe wa azzalumi ƙofa su fita tare, sannan a ce lissafi ya rufe.

Kurkukun Kobar da ke Bahri, wato Khartum ta Arewa, an gina shi ne a 1903, shekarar Burmi, kuma sunan ya samo asali ne daga wani Bature mai suna Cooper da ya fara riƙe shi, abin da ya sa na yi murmushi ni kaɗai a nadin da aka ambaci wancan Cooper na jirgin sama. Wannan gida ya ga irin fita iri-iri. A watan Afrilun 1985, da mulkin Numeiri ya faɗi, jama'a sun yi tururuwa zuwa can aka fito da fursunonin siyasa, kuma mutane da yawa suna tuna ranar da alfahari. A watan Yunin 2010 mutum huɗu da aka yanke wa hukuncin kisa saboda kashe jami'in Amurka John Granville da direbansa ɗan Sudan a daren sabuwar shekarar 2008 sun sulale ta magudanar ƙazanta, kamar dai a talabijin, kuma a hanyarsu an kashe ɗan sanda a wani shingen bincike. Na tuna yadda wasu abokaina a lokacin suke ba da labarin cikin sha'awa, suna kwatanta shi da na Scofield, ba wanda ya tsaya a kan direban ko ɗan sandan. Sai kuma Afrilun 2023, kwanaki kaɗan da fara yaƙi tsakanin soja da dakarun RSF da muke kira Da'ama, lokacin da Kobar da Al-Huda na Umdurman da wasu gidajen yari suka wofinta, ɓangarorin biyu suna ɗora wa juna laifi. Dubban mutane suka fita a 'yan kwanaki. A cikinsu akwai matasan zanga-zanga da ke jiran shari'a, akwai 'yan kasuwar da cek ɗinsu ya dawo aka rubuta musu zama har sai sun biya, akwai ɓarayin waya 'yan tis'a ɗawila, akwai masu kisan kai da aka yanke wa hukunci, akwai kuma Ahmad Harun, wanda Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ke nema tun 2007 saboda Darfur, wanda ya fitar da saƙon murya yana sanar da cewa shi da abokansa na tsohuwar gwamnati sun bar Kobar. Ƙofa ɗaya ce ta fitar da su duka.

Ba na cewa da an bar su a kulle babu ruwa babu abinci harsasai na faɗowa a kansu, wannan ma kisa ne. Abin da nake ƙi shi ne maganar da na fara ji tana yawo a majalisun shayi, cewa yaƙi ya wanke kowa, a bar kaza cikin gashinta, wanda ya fita ya fita. Wannan ita ce dabarar zango na huɗu, inda aka miƙa wa jaruman takardar afuwa gaba ɗaya a kan tebur saboda sun kawo wa hukuma wata na'ura da take so, har Mahone ya tafi abinsa ya fara sabuwar rayuwa, jinin Tweener kuwa ko oho. Idan zaman lafiya ya samu, kuma muna roƙon Allah ya kawo shi, abin da ya dace shi ne a bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya da sunansu da takardunsu. Wanda bashi ya kai shi, a duba halin da ƙasa ke ciki a sassauta masa, domin wanda aka yi wa shafshafa aka kwashe shagonsa ba shi da abin biya. Wanda aka tsare saboda bakinsa ko zanga-zanga, a sallame shi a rubuce don kada gobe wani ɗan sanda ya ce masa gudajje. Wanda kuwa akwai jini a hannunsa, iyalan mamaci ne ke da haƙƙin yafewa ko karɓar diyya ko neman ƙisasi, kuma rugujewar katanga ba ta karɓe musu wannan haƙƙi ba. Aiki ne mai wuya, ganin cewa kotuna da ofisoshi da yawa sun ƙone ko an wawashe su, amma wuyarsa ba ta mayar da shi abin da za a tsallake ba.

Ban nemi mai nadin ya daina saka wasan ba, kuma ba zan nema ba. Yaran nan sun rasa makaranta sun rasa gida, awa biyu na mantuwa a dare ba abin da zan yi musu baƙin ciki a kai ba ne. Na dai roƙe shi abu ɗaya, na ce, "Malam, in an kai ƙarshen zango na biyu ka ɗan tsayar, ka tambaye su mutum nawa suka mutu don Lincoln ya rayu." Ya yi dariya ya ce zai gwada. Da ya gwada, yaran sun jero sunayen mutum takwas ɗin nan ba gargada, har da lambar ɗakin Michael, amma da aka zo lissafin waɗanda aka kashe a hanya sai gardama ta kaure, wani ya ce biyar, wani ya ce goma, wani ya ce ai waɗannan ba 'yan wasa ba ne, masu wucewa ne. Haka nan nake jin tsoron masu shirya fina-finai masu dogon zango na Hausa, waɗanda muke bi a YouTube daga nan, kada su ɗauki wannan ɗabi'a ta kashe jarumi a ƙarshen zango a ta da shi a farkon na gaba, domin abu ne mai sauƙin kwaikwayo kuma kasuwa tana sonsa.

A gidan da ke kallon namu akwai wata dattijuwa da muka taso tare daga kudancin Khartum, muna kiranta Inna. Shekaru kaɗan kafin yaƙi wani ya daɓa wa ɗanta wuƙa a kan wayar hannu, aka kama shi, aka yi ta zuwa kotu kusan shekara biyu, tana hawa mota biyu kowane zama, har aka yanke hukunci. Mai laifin yana cikin waɗanda suka fita a waccan Afrilu. Ranar da muka gudu ba ta ɗauki tukunya ko zannuwanta na biki ba, amma ta ɗauki kwafin hukuncin, shafi huɗu da hatimin kotu, ta naɗe a leda ta cusa cikin jakar da take ajiye carbi da katin ɗan ƙasa. Ba ta iya karatun Larabcin kotu ba, don haka lokaci-lokaci takan aiko a kira ni in karanta mata, kuma kullum a wuri ɗaya take tsayar da ni, layin da alƙali ya rubuta cikakken sunan ɗanta har kakansa na uku. Makon jiya da na gama ta karɓa ta mayar cikin ledar, ta ce, "Ɗana, in an buɗe kotun Khartum ka faɗa mini, ni zan kai musu da kaina, wataƙila tasu ta ƙone."